Malaman lissafi a taimaka: an ba ni ajin onas na aljabra, ta ina zan fara tsara shekarar?

Malamar_Buronks ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah malaman lissafi da ke nan, musamman waɗanda suke koyarwa a Amurka ko suka taɓa koyarwa, shawararku nake nema kuma da ɗan gaggawa don saura makonni kaɗan a koma makaranta, mu nan Niyok sai bayan hutun ranar ma'aikata na farkon Satumba muke buɗewa.

Ni dai a Kaduna na fara koyarwa, SS1 zuwa SS3, janaral mas da foda mas. Da na zo nan na yi satifiket ɗin koyarwa na jiha, na ɗan koyar da 'yan aji bakwai da takwas, bana kuma na samu canji zuwa wata sakandaren gwamnati a Buronks, wani yanki na birnin Niyok, sai HOD ɗinmu ta kira ni ta ce ni za a ba ajin onas na Aljabra 1 na 'yan aji tara, wato sabbin shiga, yara 'yan shekara 14 zuwa 15, kusan sa'o'in 'yan JSS3 zuwa SS1 na gida. Ga waɗanda ba su san tsarin ba, onas shi ne ajin da ake ware yaran da ake ganin sun fi ƙoƙari, sunan darasin ɗaya ne da na sauran amma ana so ya fi nauyi. To nan gizo ke saƙar, don "ya fi nauyi" ɗin nan ba wanda ya fayyace min shi. Abin da aka miƙo min kawai jerin abubuwan da jiha ta ce a koyar ne da littafi da kuma cewa jarabawar Regents, wato ta jiha da ake yi a ƙarshen kwas, a watan Yuni take, shi ke nan. A gida kun san sikim ake ba ka mako-mako kai dai ka bi, nan kuwa ni zan zauna in raba shekarar da kaina.

Abin da ya fi damuna shi ne, shin onas nufinsa in yi sauri in gama Aljabra 1 wajen watan Maris in tsallaka da su Aljabra 2, ko kuwa in tsaya a kan manhajar in zurfafa? Wani abokin aikina ya ce in yi gudu kawai don iyaye abin da suke son ji ke nan, wata kuma ta ce kar in kuskura. Sannan wane tofik zan fara da shi kuma mako nawa zan ba kowanne, musamman kwadiratik da na san shi ne yake cin lokaci. Ga maganar kalkuleta, a Regents dole ne yaro ya shiga da mai zana giraf irin TI-84, ni kuma raina bai kwanta da yaron da zai danna 7 sau 8 a kalkuleta ba. Firiyod ɗina minti 45 ne kullum, yaran sun ɗan haura talatin. Ba na son in cuci yaran nan wallahi, da yawansu 'ya'yan baƙin haure ne irinmu, iyayensu sun ɗora rai a kansu sosai. Duk wanda yake da abin cewa dan Allah ya ce. Na gode.

Bazazzage_Hustan ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri, ajin onas amana ce aka ba ki. Na koyar a Niyok kafin in dawo Teksas, nan namu tsarin daban ne, mu ba mu ɗauki Common Core ba, wato manhajar bai-ɗaya da jihohi da yawa suka ɗauka, muna da tamu mai suna TEKS kuma jarabawarmu ta ƙarshen kwas STAAR ce, amma aljabra dai aljabra ce ko'ina.

Amsar tambayarki ta farko a taƙaice, kar ki yi gudu. Ki zurfafa. Zan dawo kan wannan amma bari in fara da kalanda don ita ce take kayar da sabbin malamai. A takarda ana cewa kwana 180 ne, wajen mako 36, amma ba ki da su. Ki ɗauko kalandar makarantarku yau ɗin nan ki fara ƙirge daga ranar Regents ki dawo baya, ki cire mako uku na bita a ƙarshe, ki cire makon Regents na ƙarshen Janairu da ba a yin darasi sosai a makarantun sakandare, ki cire hutun Disamba da na Fabrairu da na Afrilu, makon Thanksgiving, bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, ma kwana uku ne kawai kuma hankalin yara ba ya aji, ga ranakun taro da atisayen gobara da ranar da za ki wayi gari ba lafiya. In kika samu mako 30 na koyarwa na gaske kin yi sa'a. A kan 30 ɗin za ki yi tsari, kuma ki bar kwana biyu a ƙarshen kowane babi ba ki sa komai a ciki ba, za ki buƙace su.

Sai mako biyun farko. Kar ki ɗauka don an ce onas sun iya komai, daga makarantu daban-daban suka fito kuma a wasu wuraren shawarar malami ce kawai ta shigo da yaro ajin. Ki ba su ɗan gwaji ba na maki ba, tambayoyi kaɗan masu tona asiri. Misali 1/2 + 1/3, za ki ga wanda zai rubuta 2/5. Ki ba su −3² da (−3)² ki ga wa ya san na farko −9 ne na biyu 9. Ki ba su 5 − (x − 2) ki ga mutum nawa za su rubuta 3 − x maimakon 7 − x. Ki ba su (2/3)x = 12. Wannan takardar ita za ta faɗa miki ajin da kike da shi. Amma fa kar ki tsaya ki yi wata guda kina maimaita lissafin aji bakwai, za ki kashe musu gwiwa tun ba a je ko'ina ba, ki riƙa cusa firakshan da lambobi masu mainas cikin kowane aiki na shekara, in kina ba da ikweshan goma to huɗu su zama masu firakshan, kullum haka har su saba.

Yadda ni nake rabawa, Satumba zuwa tsakiyar Oktoba ikweshan da inikwaliti masu x ɗaya, har da juya fomula wato a fitar da harafi ɗaya daga cikin haruffa, abin da a gida muke kira canjin sabjet, wannan ki dage a kai don malamin fizik zai sa miki albarka. Daga nan fankshan, kuma ni a ganina shi ne ƙashin bayan shekarar gaba ɗaya, a nan ne ma tsarin nan ya bambanta da namu na WAEC inda muke koyar da tofik-tofik kowanne da ɗakinsa. Ki sa yaro ya iya ganin abu ɗaya ta fuska huɗu, a labari, a tebur, a giraf, a ikweshan, kuma ya iya tashi daga kowacce zuwa kowacce. Layi miƙaƙƙe da gangararsa zuwa Thanksgiving, ikweshan biyu masu x da y zuwa hutun Disamba. Janairu indisis da jerin lambobi, AP da GP namu na gida, da fankshan mai ninkawa. Kwadiratik kuwa in kin wuce makon farko na Fabrairu ba ki fara ninka baka da fitar da fakta ba to kin makara, ki ba shi mako tara zuwa goma gaba ɗayansa, kar ki ji tsoron yawan. Statistik kuma kar ki jibge shi a ƙarshen Mayu yadda kowa yake yi, ki ɗauki ɓangaren ɗige-ɗige da layin da ya fi dacewa ki haɗa shi da babin layi tun Nuwamba tun da abu ɗaya ne, ragowar ki sa shi a makon da aka dawo hutu ana buƙatar abu mai ɗan sauƙi.

To yanzu zurfin da nake nufi. Ba wai tambaya hamsin maimakon ashirin ba. Ajin gama-gari za a ba su fomular kwadiratik su haddace, naki ajin su fitar da ita da hannunsu daga ax² + bx + c = 0 kuma ki tambaye su a tes. Ko ki rubuta 1, 4, 9, 16, 25 a allo ki ce su cire kowace daga ta gabanta, za su samu 3, 5, 7, 9, su sake cirewa su samu 2, 2, 2, sai ki ce to me ya sa kullum 2, wa zai tabbatar min har lamba ta miliyan haka ne? Ki yi shiru ki bar su. Za su yi ta surutu, wani zai ce ai a bayyane yake, ki ce ban yarda ba, can sai wata yarinya ta rubuta (n + 1)² − n² = 2n + 1 aji ya ɗauki ihu. Wannan minti ashirin ɗin ya fi shafi uku na aikin gida. Haka in yaro ya rubuta (x + 3)² = x² + 9, kuma wallahi sai sun rubuta ko 'yan onas ne, kar ki ja jan biro kawai, ki ce sa x = 1 mu gani, gefe ɗaya 16 ɗaya gefen 10, sai ki sa ya zana murabba'i mai tsawon x + 3 ya yanka shi gida huɗu ya nemo inda 6x ɗinsa ta ɓata da kansa.

Tsofaffin takardun Regents suna nan kyauta a shafin ma'aikatar ilimi ta jiha, akwai kuma wani shafi mai suna JMAP da suka jera tambayoyin tofik-tofik, ki riƙa ɗiba tun Oktoba kina sa biyu-uku a kowane tes don su saba da salon turancin tambayar. Cin jarabawa 65 ne amma 'yan onas 85 za ki sa musu a gaba.

Tsohon_Malami_Kano ya rubuta:

Salamu alaikum. 'Yata Allah ya yi miki jagora. Ni ban taɓa zuwa Amurka ba, na yi ritaya ne bayan na koyar da lissafi a makarantun gwamnati a nan Kano, don haka tsarin can na bar wa Malam Bazazzage, amma yaro dai yaro ne kuma akwai abin da zan ce.

Maganar kalkuleta ranki da bai kwanta ba yana da gaskiya. Mu da tebur mai lamba huɗu muka tashi kuma da shi muka koyar shekara da shekaru, ban ce a koma can ba, zamani ya wuce, amma yaron da bai san 6 sau 9 a ka ba ta yaya zai kalli x² + 15x + 54 ya ga 6 da 9 suna kallonsa? Ba zai gani ba, zai zauna yana gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya har lokaci ya ƙare ya ce fakta wuya gare ta, alhali ba ita ce mai wuyar ba, jadawalin sau ne babu a kansa. Ni shawarata ki raba kowane tes gida biyu, rabi ba kalkuleta rabi da ita, ki faɗa musu haka tun ranar farko. Kuma minti biyar na farkon kowane darasi a rufe ta a yi lissafin ka. Ki ce musu 49 sau 51, su yi ta fama, sai ki nuna musu 50 sau 50 a cire 1, 2499, daga nan bambancin murabba'i biyu ya zauna ba sai an haddace ba.

Malam Bazazzage ya ce ba yawan tambaya ba ne, to na yarda da rabi. Fahimta tana gaba amma hannu ma sai ya saba. Aljabra kamar tuƙin tuwo ce, ko an yi miki bayani sau ɗari in hannunki bai saba da muciya ba sai ya yi gudaji. A ba su aiki kullum, ko guda goma ne, kuma a duba.

Abu na ƙarshe, ranar da za ki koyar da cika murabba'i dan Allah kar ki fara da fomula. Ki ba su labarin Muhammad bin Musa al-Khwarizmi wanda ya yi aiki a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun wajen shekarar 820, ki ba su misalinsa da ya shahara, x² + 10x = 39. Shi da zane ya yi, murabba'i a tsakiya, ya raba goman biyu ya manna 5x a gefe ɗaya 5x a ɗaya gefen, sai ga wani lungu ya rage babu komai mai faɗin 5 da tsawon 5, ya cika shi da 25, 39 da 25 sun zama 64, tushensa 8, a cire 5 saura 3. Ki sa su yanka kwali su yi da hannunsu. Sannan tun da kin ce masu ƙoƙari ne ki tambaye su akwai wata amsar? Akwai −13, ki bar su su gano me ya sa zanen ba zai iya nuna ta ba. Na sha yin wannan da alli a aji mai yara fiye da tamanin kuma ya yi aiki, ke da kike da kayan aiki sai ya fi. Yaranmu musulmi da ke can ma za su ji daɗi su san kakanninsu suna da hannu a abin nan.

Maman_Tagwaye ta rubuta:

Malama sannu da ƙoƙari, Baba na Kano a gaishe ka, Allah ya ƙara lafiya. Ni ba malama ba ce, nas ce, amma 'yan biyuna sun yi irin wannan ajin a nan Buronks don haka bari in faɗi ta ɓangaren iyaye tun da su ma za ki yi fama da su.

Yaran nan da za a kawo miki yawancinsu tun firamare ba su san wani maki ba sai casa'in da wani abu, ba su taɓa zama sun yi karatun lissafi a gida ba don a aji suke ɗaukewa. Ranar da Hassanata ta dawo da 71 a tes ɗin farko na Oktoba kulle kanta ta yi a ɗaki tana kuka wai ita daƙiƙiya ce a cire ta daga ajin, Usaina kuma da ta ci 80 da wani abu ta daina ɗaga hannu a aji gaba ɗaya don kar ta faɗi ba daidai ba a yi mata dariya. Abin da ya cece mu malaminsu yana da tsarin gyara, in ka faɗi tambaya za ka sake yin ta a wata takarda ka rubuta da kalmomi a ina ka kauce kuma me ya sa, sai ya mayar maka da rabin makin da ka rasa. Wallahi gyaran nan ya fi tes ɗin koya musu. Dan Allah ki yi irin wannan, kuma ki faɗa musu tun makon farko cewa za su ga makin da ba su saba gani ba kuma ba ƙarshen duniya ba ne.

Sai takardar da ake aiko wa iyaye a farkon shekara. Ki rubuta ta da turanci mai sauƙi, ki faɗi kashi nawa tes kashi nawa aikin gida, yaushe yaro zai same ki in bai gane ba. Iyayenmu da yawa, na Ghana da na Nijar da namu, wani direba ne wata tana aikin kula da tsofaffi dare da rana, ba su san me ake nufi da onas ba, ba su san makin aji tara yana shiga GPA ɗin da jami'a za ta duba ba, sai an zo aji sha ɗaya a ce da mun sani. In kin ga suna irin namu a rajista ki daure ki kira waya ki yi musu bayani da Hausa, za ki sha addu'a.

Aikin gida kuma da girmamawa ga Baba, a tausaya. Yaran suna da darasi shida ko bakwai kowane malami yana ba da nasa, wasu suna renon ƙanne har iyaye su dawo, ga islamiyya a ƙarshen mako. Minti 25 zuwa 30 ya isa. Kuma ki duba inda azumi zai faɗo a kalandarki, shekarun nan yana zuwa ne wajen Fabrairu da Maris daidai lokacin da Malam ya ce a fara kwadiratik, makarantun gwamnati na birnin Niyok suna ba da hutun ranar sallah amma ba ruwansu da goman ƙarshe, kar ki sa babban tes a ranar da yaro ya kwana tahajjud in da hali.

Malamar_Buronks ta rubuta:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Baba na gode Allah ya ƙara girma, misalin kwalin nan na riga na rubuta shi a littafina. Anti Maman Tagwaye maganar azumin nan ta zo a kan gaɓa, na duba kuma haka ne, zan ja ninka baka da fakta su fara tun ƙarshen Janairu don abu mai nauyin ya ɗan ragu kafin goman ƙarshe.

Yaya Bazazzage na ƙirga kamar yadda ka ce kuma lissafinka ya fita. Tambaya ɗaya ta rage, HOD ta ce sauran ajujuwan Aljabra 1 duk muna yin jarabawar tsakiyar shekara iri ɗaya a Janairu, kuma su suna kai wa indisis kafin lokacin, to in na tsaya zurfafawa a fankshan ba za a ga kamar 'yan onas ne a baya ba? Sannan Desmos fa, kalkuletar nan ta intanet mai zana giraf, yaran duk suna da kwamfutar makaranta, in bar su su yi ta zana giraf da shi ko in tilasta takardar giraf da fensir?

Ɗan_Damagaram ya rubuta:

Salam. Malama ni ɗalibi ne ina karatun injiniya a nan Amurka kuma ina koyar da yara lesin da yamma, ku yi haƙuri manya zan ɗan saɓa muku. Ni a Zinder na yi lakwal, tsarin Faransa, kuma abubuwan da ake kira onas a nan irin (a + b)² da fitar da fakta mu tun kafin BEPC, jarabawar gama ƙaramar sakandare, mushe wato malami ya gama mana su, don haka ni ina ganin ana raina ƙwaƙwalwar yaran nan ne. Ku duba lissafin, yaron da ya yi Aljabra 1 a aji tara zai yi jometiri a aji goma, Aljabra 2 a sha ɗaya, share fagen kalkulas a sha biyu, ya gama sakandare bai taɓa AP kalkulas ba, wato kalkulas na matakin jami'a da ake yi tun a sakandare, alhali ɗan unguwar masu kuɗi ya yi Aljabra 1 tun aji takwas ko bakwai ma. Ranar neman jami'a tare za a auna su. A San Faransisko an gwada hana Aljabra 1 a aji takwas tun 2014, iyaye suka yi ta ƙorafi har aka zo ana janye tsarin bayan shekara goma. Yaran Malama ba laifinsu ba ne makarantar da suka fito ba ta ba su dama ba, to in ba ta yi gudu da su ba wa zai yi? Ni da ni ne zan gama manhajar a Afrilu in shiga lambobin kwamfiles da logaridim. Kuma a sa masu kaifin cikinsu su zauna gasar lissafi ta AMC 10 a Nuwamba, tambaya 25 ce cikin minti 75, ko ba su ci ba za su ga irin lissafin da sa'o'insu suke yi.

Bazazzage_Hustan ya rubuta:

Ƙanena Ɗan Damagaram damuwarka gaskiya ce kuma ta daɗe tana ci min rai, yaranmu ne kullum ake bari a baya a wannan layin. Amma maganin da ka kawo ba zai kai su inda kake so ba. Ko Malama ta koyar da logaridim mako uku a Mayu, a takardar sakamakon yaro Aljabra 1 za a rubuta, ba wanda zai tsallakar da shi aji saboda haka, badi kuma malamin Aljabra 2 zai sake farawa daga farko. Hanyar da take kai yaro kalkulas ita ce ya haɗa jometiri da Aljabra 2 a aji goma, ko ya yi jometiri a lokacin hutun bazara in makarantar ta yarda, kuma wanda zai iya ɗaukar wannan nauyin shi ne wanda aljabrarsa ta zauna daram. Na koyar da kalkulas, yaran da suke faɗuwa ba sabon darasin ne yake kayar da su ba, za su gane dokar sarai sai a zo sauƙaƙa firakshan mai x a ƙasa ko fitar da fakta a nan za su zube. Don haka Malama abin da za ki yi wa yaran nan shi ne tun watan Fabrairu kafin a fara cike kwasa-kwasan badi ki je wajen mai ba ɗalibai shawara ki tambaya ko ana barin haɗa biyun, ki kai sunayen waɗanda kika ga za su iya, ki kira iyayensu. AMC 10 kuwa na goyi baya ɗari bisa ɗari, ki riƙa ba su tambaya ɗaya daga tsofaffin takardunta duk Juma'a.

Jarabawar Janairu kuma ki karɓi jerin abin da za a tambaya tun yanzu, in indisis yana ciki ki ɗauko dokokinsa ki yi su a mako ɗaya kafin hutun Disamba, fankshan mai ninkawa ya jira Janairu, ba abin da zai ɓaci. Desmos ki yi amfani da shi mana, SAT ma, jarabawar neman jami'a, yanzu a kwamfuta ake yi kuma yana ciki, amma hannu ya riga shi. Misali ki ce ga waya ƙafa 40 za a kewaye lambu a jikin bango, gefe uku kawai, wane faɗi ne zai ba da fili mafi girma? Su yi tebur da fensir, su ga 8 ta ba da 192, 10 ta ba da 200, 12 ta dawo 192, su yi gardamar me ya sa ta dawo, su rubuta x(40 − 2x), su zana a takarda, sannan a buɗe kwamfuta a ja lambobi a ga yadda giraf ɗin yake motsi in wayar ta zama ƙafa 60. TI-84 kuma ki ware mata ranaku tun Nuwamba don da ita za su shiga Regents, kar ya zama sai Yuni yaro yake neman inda ake danna tebur.

Malamar_Buronks ta rubuta:

To madalla, na fahimta Yaya. Ɗan Damagaram na gode, maganarka ce ta sa gobe in Allah ya kai mu zan tura wa mai ba da shawarar saƙo kan haɗa jometiri da Aljabra 2 tun kafin a buɗe. Zan zauna a ƙarshen makon nan in fitar da jadawalin mako 30 ɗin in ɗora a nan ku duba min, musamman Janairu zuwa Afrilu. Anti in ba damuwa ki turo min yadda takardar gyaran nan ta malaminsu take ta inbox, ina son in ga yadda ya tsara wajen da yaro yake rubuta dalili.